Hayaƙi Mai Ƙamshin Mangwaro

Zulkifilu direban bas ne, yana jigilar fasinja tsakanin Rogo da Karaye. Da zai auri Zakiyya, 'yar garin Kwanyawa, sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: ya bar taba. Ya bari kuwa. Sai dai ya maye gurbinta da wata 'yar aba mai kama da biro, wadda ake yi wa caji kamar waya. Samarin tasha na ce mata shishar aljihu.

"Wannan ai ba taba ba ce, tururi ne kawai," ya ce wa amaryarsa. "Ji ƙamshi, sai ka ce mangwaro." Ta shinshina, ta yi dariya, magana ta wuce.

Da can sai ya laɓe yake shan kara ɗaya. Yanzu kuwa tunda ba wari, ba toka, a kan sitiyari zuƙa, a ɗaki zuƙa.

Sannu a hankali fitsari ya fara matsa masa. Kafin ya kai Karaye sai ya faka a gefen gonar gyaɗa ya ruga, fasinjoji na tsaki. A gida kuma ƙarfinsa na ɗa namiji ya ja baya. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Ya ce basir ne, ya ce sanyi ne, ya yi ta ɗirkar jiƙe-jiƙen 'yan tasha.

Shekaru suka tura, Zakiyya ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mahaifiyarsa, Inna Lami, ta sa ta gaba da jiƙon sassaƙe da gorin juya. Zakiyya ta je asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau, mijin ake son gani.

"Maigida, don Allah mu je tare," ta roƙe shi.

"Ni na ce miki ba ni da lafiya?" Ya busa hayaƙinsa, ya fice.

Da gorin ya ishe ta, ta tafi gidansu. Mahaifinta ya kira Zulkifilu ya ce ko asibiti, ko ya sawwaƙe mata. Girman kai ya sa ya zaɓi saki.

Sai da mararsa ta riƙe shi har ya kasa tuƙi, sannan aka kai shi gaban likita. Bayan gwaje-gwaje, likitan ya tambaye shi abin da yake sha. Ya ciro abar daga aljihu.

"Malam Zulkifilu, gubar da ke cikin taba tana cikin ruwan nan," in ji likitan. "Tana matse hanyoyin jini, tana takura wa mafitsara, tana iya raunana ƙwayoyin haihuwa. Naka sun yi ƙaranci ƙwarai. Ka daina, akwai fatan samun sauƙi. Ka zo da iyalinka in yi muku bayani tare."

Zulkifilu ya sunkuyar da kai. A lokacin Zakiyya ta daɗe da gama idda, har an ɗaura mata aure da wani malamin makaranta a Tudun Kaya.

Jama'a, ƙamshi ba ya mayar da guba magani: shishar aljihu 'yar'uwar taba ce. Wanda ya ga canji a fitsarinsa ko a shimfiɗarsa ya nufi asibiti tun da wuri, kada ya bar matarsa da ɗaukar laifin da ba nata ba.