Mahauci a Ɗakin Masu Tamowa

Kai da kake son komai ya gyaru yau-yau, matso ka ji. An yi wani mahauci mai sakin hannu, wanda jikarsa ta yi ƙyanda bayan yaye, gudawa ta biyo baya, har ta daina karɓar abinci. Ƙafafunta da kumatunta suka kumbura, gashinta ya yi ja kamar gemun masara. Da aka kai ta asibiti aka ce tamowa ce, aka ba su gado. Washegari sai ga mahauci da kwanon farfesun hanta yana tururi. Ma'aikaciyar jinya ta tare shi, ta nuna masa abin da ake ba yarinyar: wata madara tsararo, cokali-cokali, duk bayan awa biyu. Ransa ya ɓaci, ya ce ashe jikar mahauci za a yi wa kiwon ɗan tsako.

Ta ce, "Baba, in wuta ta kusa mutuwa, ka ɗora mata gungume ka kashe ta. Da tsinke ake taso ta. Cikin yarinyar nan da zuciyarta ba za su ɗauki nama yanzu ba."

Ya koma da kwanonsa. Kwana huɗu kumburi ya sace, sai fata da ƙashi, haƙarƙari a ƙirge. Ya rantse asibiti ya ƙarasa ta, ya ce a naɗe tabarma a tafi gida. Uwar yarinyar, wato 'yarsa, ta durƙusa da hawaye ta roƙe shi ya ƙara musu kwana uku. Ya haƙura ya zauna bakin gado. A rana ta bakwai da hantsi, yarinyar da ko ƙuda ba ta iya kora daga idonta ta ɗaga hannu ta kama kofi, ta ja shi bakinta da kanta, ta shanye, ta fasa kukan ƙari. Mutumin da ya shekara arba'in yana kayar da bijimai ya sauko daga bakin gado. Ya zauna dirshan a ƙasa yana tasbihi, yana cewa bai taɓa sanin Allah kan mayar da rai ta bakin cokali ba. Bayan mako uku ta fita da ƙafarta, riƙe da gefen rigarsa.

Shi ya sa magabata suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.