Ɗan wasan da Kawu ya gayyata Gulma

Wata la'asar a Badariya, ina wasan kocin ƙwallo a kwamfutar yayana. Na sayo ɗan wasa daga wata ƙasa, sai aka hana shi izinin aiki. Haushi ya sa na bugi tebur.

Kawuna, manomi daga Gulma, ya leƙo, na yi masa bayani.

"Ya iya aikin?"

"Ya iya, Kawu."

"To mi aka jira? Mutanen Nijar masu yi min yankan shinkafa, hannunsu nika duba. Ce mishi ya taho Gulma."

Na yi ta dariya, don ya ɗauka mutum ne na gaske.

Yau ga ni a ƙasar wasu, ina jiran nawa izinin. Har yanzu ba wanda ya duba hannuna.