Mai Zuma da Ɗorawar Gonarsa

Malama Ladidi, kin ce ɗalibanki na sakandare sun kasa gane lissafin yiwuwar abu bisa sharaɗi? To ajiye allin nan ki ji. Shekara talatin na yi ina koyar da shi, kuma wallahi ba yara kaɗai yake kayarwa ba, har masu gemu.

Wani mai sana'ar zuma ne ya rataya amya arba'in da takwas, wasu a kan itatuwan ɗorawa na gonarsa, wasu can cikin daji a kan tsamiya. Da lokacin ɗiba ya yi ya zaga, sai ya tarar da goma sha biyu wayam, ƙudan zuma ba su shiga ba, sai ƙadangaru. Takwas daga cikinsu kuwa a kan ɗorawa suke. Kai, mutumin nan ya dawo gida yana huci kamar kububuwa! Ya ce ai magana ta fito fili: cikin kowace amya uku da suka ƙi, biyu na ɗorawa ne, don haka ɗorawa ba ta da albarka. Gobe da sassafe zai sauke duk abin da ya rataya mata ya kwashe zuwa daji. Kin ga da ya aikata, zumar baɗi ta tafi ke nan, ita ce kuwa cin gidan da suturarsu.

Matarsa na zaune tana tsintar kalwa za ta yi daddawa. Ba ta yi musu da shi ba, ta dai ce, "Maigida, nawa ka rataya a ɗorawa?" Ya ce arba'in. A tsamiya fa? Ya ce takwas. Sai ta ƙirga ƙwayar kalwa arba'in a gefen faifai ta ware takwas, ta ƙirga takwas a ɗaya gefen ta ware huɗu. Ta ce, "To duba. A ɗorawa, cikin biyar ɗaya ce ta ƙi. A tsamiya rabi ne cur. Kai ka tsaya cikin waɗanda suka ƙi kana tambayar daga ina suka fito. Ni kuwa gindin itace na tsaya ina tambaya, in an rataya a nan, nawa za su ƙi?" Gogan naki ya zura wa faifai ido, ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa, sai ya tuntsire da dariya har hula ta faɗi. Ya ce, "Ashe don a ɗorawa na fi ratayawa ne asararta ta fi yawa!" Washegari daji ya nufa, ya kwaso na tsamiya ya kawo gona. Da shekara ta zagayo, sai da suka aro tulunan maƙwabta don zuba zuma, ita kuma uwargida ta sha sabuwar atamfa.

Abin da za ki gaya wa yaran ke nan: sharaɗi shi ke nuna tarin da za a ƙirga a ciki. In an ce amya ta ƙi, yiwuwar a ce ta ɗorawa ce takwas cikin sha biyu ne. In an ce amya tana kan ɗorawa, yiwuwar ta ƙi takwas cikin arba'in ne. Mutumin nan arziki na rataye a gonarsa, saura kaɗan ya sauke shi da hannunsa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.