Babur Marar Wurin Zama

Kwalbar man zafi ta uku ke nan a wata guda. Rabi'atu ta ɗaga ta a hasken taga, ta ga gindinta fes kamar an lashe. Su uku ne kacal a gidan nan na unguwar Hindawiyya a Makka: ita, mijinta Dawuda, da ɗansu Nawaf. Ita dai gwiwa ce ke damunta, kuma gwiwa ba ta shan kwalba uku.

Ta san mai ciwon ƙugu a gidanta. Bara Nawaf ya yi wata biyu a shimfiɗe kamar tabarma, saboda wani jan babur da ya sayo. Babur ne marar wurin zama, a tsaye ake tuƙa shi, kuma ba ya kai mutum ko'ina. Aikinsa hawa dutse da dira a kan wani dutsen, abin da akuya ke yi ba tare da fetur ba. Likita ya ce ƙashin bayan ya gaji da dira, in aka sake, ƙila sai keken guragu.

Ranar da ya miƙe, ta tasa shi gaba har Harami. Mutumin Makka ba ya wahalar neman wurin rantsuwa, tasi ɗaya ce. Nawaf ya fuskanci Ka'aba ya rantse ba shi ba babur. Ita kuma ta ɗora tata a kai: in ya sake hawa, ba ta yafe nonon da ya sha ba.

Aka miƙa wa Dawuda makullin babur da hular kwano da rigar hawa, don ya sayar. Dawuda ya shekara talatin yana jan bas, har da na alhazai a hanyar Muzdalifa, kuma ba a taɓa jin ya wuce wata mota ba. Tun da ya ajiye aiki, abu biyu suka rage masa: sahun farko a masallaci, da gemunsa, wanda Rabi'atu ke ƙunsa wa lalle ranar Talata har ya yi ja wur. Ya kai babur garejin wani abokinsa a bayan gari. Duk safiyar Juma'a yana zuwa nuna wa masu saye.

"Ba kasuwa, Umm Nawaf," yakan ce in ya dawo. "Wa zai sayi abin da ba a zama a kai?"

Wata bakwai ana haka. Sai ga maƙwabciyarta Kabira, wadda ba ta iya ganin abu ta bar shi ya kwana a wayarta. Ta nuna mata bidiyo: jan babur a kan duwatsun bayan gari, shuɗiyar hula mai tsagewa a gefen hagu, riga mai kauri. Rabi'atu ta san tsagewar nan. A gabanta aka shigo da hular daga asibiti.

Ta tare Nawaf a bakin ƙofa.

"Wallahi ya Ummi, ma rakibt! Ban hau ba. Iyo nake zuwa ranar Juma'a, likita ne ya ce."

Ta dube shi. Yana tsaye ƙyam, ya miƙe fiye da kima, irin miƙewar mai ɓoye wani abu. Ta wuce ciki.

Ta sami Dawuda kwance a kan darduma. Kwanan nan ya koma kwanan ƙasa, wai sanyin na'ura a nan ya fi sauka. Ta zayyana masa komai.

"Kada ki yi gaggawa," ya ce, yana kallon rufi. "Bakin uwa in ya fita ba ya komawa. Miƙo min carbina can, ki samu lada."

Ta miƙa masa, carbin da ke taku ɗaya da hannunsa. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ke ci mata rai. Tsoro take ji ƙwarai. Ɗa ɗaya ne, ba ta son ta rasa bayansa, ba ta son ta rasa shi. Amma ta yi magana a gaban Ɗakin Allah, ba a gaban Kabira ba. Ta ce a ranta gani ya kori ji.

Juma'a ta zo. Dawuda ya fita bayan asuba, wai an samu wani daga Jidda mai niyya. Nawaf ya bi baya da jaka a kafaɗa. Rabi'atu ta yafa abaya ta tare tasi.

Tun daga titi ta ji ƙarar. Ga shi can a kan wani dutse mai tsayin ɗaki, tsaye cak a kan babur, ko motsi babu. Ya ɗaga tayar gaba, ya yi tsalle, ya dira. Abin haushi, ya iya. Sannan ya kashe inji, ya sauko a hankali, ya dafe ƙugu da hannu biyu, ya daɗe a sunkuye.

Ta hau tudun da gwiwarta mai ciwo, tana hawaye, kalmomin suna kan harshenta a jere. Iska ta kaɗo mata ƙamshin man zafinta. Da ya hango ta sai ya daskare.

"Cire hular," ta ce. "Ba zan faɗa wa gilashi ba. A fuskarka zan faɗa."

Ya waiga hagu, ya waiga dama, duwatsu ne kawai. Sai ya kwance maɗaurin, ya ɗaga hular sannu sannu.

Abin da ya fara fitowa gemu ne, ja wur, wanda ita da hannunta ta ƙunsa wa lalle ranar Talata.