Karcen Waƙa Ta Uku

Morven ta ɗora faifan a kan garmaho.

Faifan farko ne na wasu mawaƙan birnin Glasgow, babanta ya saye shi tun yana saurayi. Duk Lahadi sai ya saurare shi. A waƙa ta uku allurar garmahon kan yi tsalle, daidai inda marigayiya mahaifiyarta ta taɓa bangaje teburin suna rawa. Jiya faifan ya suɓuce wa Morven ya rabe biyu. Ta sayo irinsa a ɓoye, ta karce wurin da tsinin fil.

Waƙa ta uku ta zo, allura ta yi tsalle. Baba ya ajiye kofin shayinsa. Morven ta sunkuyar da kai.

"Baba, akwai maganar da..."

"Kin fi uwarki iya karce," in ji shi. "Da ta fasa na asalin ta sayo wani, nata karcen a wani baiti daban ya faɗa. Har ta rasu ba ta san na gane ba."

Ya share ido. "Maido mana shi daga farko, 'yar nan."