Ratar Yatsu Uku

Kafintan ya yi wa rabin unguwa rufi, don haka da aka zo rufin sabon ɗakin mahaifiyarsa bai ga abin tsayawa dogon awo ba.

Firam takwas na katako ake bukata, kowanne mai kusurwa uku, su ne za su ɗauki kwano. Na farko kaɗai ya auna da tef. Na biyu ya zana shi a jikin na farko, na uku a jikin na biyu, haka har na takwas. Kowane zane sai kaurin fensir ya ƙara masa ɗan tsawo.

Ƙanwarsa, malamar lissafi, ta dawo daga makaranta ta tarar da su jingine da bango. Ta daɗe tana kallo.

"Yaya, ɗora na ƙarshen nan a kan na farko mu gani."

"Ikon Allah! Yau kuma alli ne zai koya wa zarto aiki? Duba mana, ai duk kamarsu ɗaya."

"Kama daban, daidai daban. Ko ɗalibaina sun sani: in abu biyu daidai suke, ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, babu gefen da zai leƙo."

Don ta ƙyale shi, ya ɗora. Na takwas ya leƙo da yatsu uku.

"Wannan ce ratar? Guduma za ta cinye ta, Malama."

Mahaifiyarsu ta ɗago daga tabarma. "Ke bar yayanki. Tun kina goye yake riƙe da zarto."

Ya kafa su yadda suka zo hannu, dogo kusa da gajere. Katakan da ya gitta a kai suka zauna a kan dogayen, suka bar gajerun a ƙasa. Ya cusa guntayen katako a ratar, ya buga ƙusa. Ƙusoshin da ƙyar suka taɓa firam. Kwano ya rufe komai.

Tsohuwa ta tare. Kullum rana ta yi zafi sai ta ji rufin yana ƙara. Ya ce katako ne ke zama. Wata safiya ta share guntun katako a tsakar ɗaki, ta jefa a murhu.

Iskar ruwan farko ta taso da la'asar, tsohuwa tana kwance a gado. Rufin ya ɗaga sau ɗaya, ya dawo da nauyinsa duka.

An ciro ta da rai, amma ƙashin bayanta ya karye. Likita ya ce ba za ta sake takawa ba.

Da suka koma kwashe tarkace, ƙanwar ta sunkuya cikin katakan da suka zube. Ta tsinci ƙusa ɗaya da guntun katako maƙale a jikinta, ta sa masa a tafin hannu.

Jama'a, abin da aka ce a yi daidai, kada a tsaya a kan "sun yi kama". A auna kowanne da na asali, domin ratar da aka ɓoye a sama, a kan wani take faɗowa.