Mota Mai Lambar Tokyo

Dankalin farko ya daki rufin motar da ƙarfe tara na safe, daidai lokacin da Onodera Kiyoshi ke fama da sa wando a ɗan ɗakin cikinta da bai fi akurki ba.

Ya leƙa ta taga. Wata tsohuwa ce a kan ɗan keken lantarkin nan na tsofaffi, ta ja birki taku goma daga motar. Malafar gona ta rufe mata kai da wuya, ga takunkumi, ga baƙin gilashi ta sauke har haɓa. Haka tsofaffinmu ke shiga gona, ko mijin mace sai ya tambaya kafin ya gaishe ta. Ta ɗaga kwali mai manyan baƙaƙe: KOMA TOKYO.

Lambar motar ce ta jawo masa. A shekarar nan ta korona ƙauyenmu bai samu ko mutum ɗaya mai cutar ba, kuma kowa ya san duk gidan da ya fara kawo ta, to sai dai su yi ƙaura don kunya. In aka hango lambar Tokyo, sai ka ce an ga maciji a ɗaka.

Alhali Kiyoshi ɗan ƙauyen ne, tuƙin bas ya riƙe shi a birni. Mahaifiyarsa za ta cika tamanin da takwas, shekarar da muke sa wa tsoho riga ruwan ɗorawa mu yi masa biki, shi kuwa shekara biyu ke nan bai sa ta a ido ba. Yayarsa Fumie ta ja masa kunne a waya: "Kar ka sake ka zo. So kake a daina gaishe da Inna a hanya?"

Sai gogan naka ya yi dabara. Ya ɗauko hayar mota mai gado da murhu da banɗaki, ya ajiye ta a bakin rafi bayan tsohuwar makaranta. Zai killace kansa kwana goma sha huɗu cikin hula da takunkumi, ranar biki ya fito fes. In aka gane shi kafin nan, sunan Inna ya ɓaci. In kuma ya gudu, wa ya ba shi tabbacin baɗi ga mai shekara tamanin da takwas?

Tsohuwar nan kuwa ta sa shi a gaba. Kullum ƙarfe tara tana nan, ta yi jifa, ta ɗaga kwali, ta zuba masa ido awa guda cur ba ta cewa uffan. Yau dankali, gobe kokwamba. Rannan ma busasshen kifi ne ya faɗo a kan shanyarsa. Wace irin gaba ce ake jifan mutum da kifi? Kiyoshi dai ya tsince ya gasa, don guzurinsa ya fara ja baya.

Kwalayen ma ba su bar shi ya sha ruwa ba. MIƘE BAYANKA, ƊAN BIRNI. Washegari: RUWA ZAI SAUKO, KWASHE TSUMMANKA KA TAFI.

Da yamma sai ya kira Inna, ya yi kamar yana Tokyo.

"Kana dai cin abinci?"

"Ina ci, Inna."

"Me ka ci?"

"Dankali."

"To madalla. Bari in kwanta, ina da aiki da safe."

A kwana na tara haƙurinsa ya ƙare. Ya buɗe taga ya kwarma ihu: "Ke tsohuwa! Ba ki da jikoki ne? Je ki ki dame su mana!"

Ta juya kwalinta a natse, ta yi rubutu, ta ɗaga: UWARKA BA TA YI MAKA TARBIYYA BA.

Kai, wannan ta sosa masa rai! Ya kama takunkumi zai cire ya faɗa mata ko shi ɗan wace ce, ya tuna da kunyar da zai jawo, ya haɗiye. Ranar har hawaye ya yi, yana yanka kabewar da ta bi shi da ita.

Ranar sha huɗu, wato ranar bikin, ya auna zafin jikinsa, lafiya lau. Ya sa kwat. Tara ta yi, babu jifa, har ya sami kansa yana leƙen hanya. Can sai ga Oikawa, dattijon da ke shugabantar unguwa, ya tsaya nesa ya rusuna.

Kiyoshi ya ga ta samu, ya fito bai cire takunkumi ba. "Baba, ku ne manya. Haka kuke sakin mahaukaciya ta yi mako biyu tana jifan baƙo?"

"Ayya, a yi haƙuri," in ji Oikawa, yana sosa ƙeya. "Ai korar baƙo karɓa-karɓa muka tsara, kowane gida da ranarsa. Ita ta ce sam, ita kaɗai za ta yi. Da na ce ta bari ta huta, da sanda ta biyo ni."

"Kuma kuka zuba mata ido?"

"To ya za mu yi, Kiyoshi? Mu ma duk yi muka yi kamar ba mu gane ka ba. Mace ta yi shekara biyu ba ta ga ɗanta ba, wa zai hana ta kallonsa awa ɗaya a rana?"